Kayan Nutso a Garin da Babu Kogi

Duk wanda na gaya wa abin da ya kawo ni Makka sai ya yi dariya. Zai dube ni, ya dubi duwatsun da suka kewaye garin, sannan ya ce, "Kayan nutso? A nan?" Tun ina bayani har na gaji, na koma cewa aiki na zo yi kamar kowa.

Sunana Haruna. Basarke ne ni, masunci ɗan masunci, daga wani ƙauye a bakin kogin Kwara, ƙasar Yawuri. A wajenmu in jirgin kasuwa ya kife, gidanmu ake rugowa. Da numfashi ɗaya muke shiga, ido a rufe, hannu na lalube cikin laka. Shekarar da jirgi ya kife da Bashir, ɗan yayata Hajo, a wani gurbi mai zurfi, na yi ta shiga ina fitowa har jini ya tsinke mini ta hanci. Numfashina bai kai ƙasa ba. Ba mu same shi ba, aka yi masa salla babu gawa. Yaya Hajo ba ta zarge ni ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe akwai inda ba ka kaiwa, Haruna." Da wani kamfani mai wanke tankunan ruwa na otal-otal a Makka ya zo neman ma'aikata, na shiga layi. Niyyata in yi shekara guda, in koyi nutso irin na masu goya tulun iska, in sayo kayan in koma gida.

A unguwar Rusaifa na sauka, wajen Kawu Idi, ƙanin mahaifiyata, wanda ban taɓa gani ba sai a hoto. Tun kafin a haife ni ya zo aikin hajji ya zauna, babu igama, wato izinin zama, babu wata takarda, yana sayar wa leburori shayi da gurasa da sassafe a wani lungu. Ɗakinsa can ƙololuwar bene yake, na'urar sanyaya ɗaki tana ruri kamar injin niƙa amma zufa ba ta daina zuba. Hausarsa ta cakuɗe da Larabci, wani lokaci sai na ce ya maimaita. Shi kaɗai ne bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Teku tana Jidda, ɗan nan. Nan sai zamzam, shi kuwa ba a nutso a ciki."

Aikin a unguwar Jarwal yake. Kowane masaukin alhazai yana da tanki a ƙarƙashin ƙasa, wani ya kai faɗin masallacin ƙauyenmu. Sai an tsiyaye ruwan tas sannan a zura mana tsani, mu sauka da buroshi da fitila a goshi, mu yi ta gurzar bango. Ni da aka haifa a kan ruwa, ba a kirana sai ruwa ya ƙare. In na fito, tafin ƙafa ya yi fari, warin magani ya cika mini hanci, sai in tsaya bakin titi ina kallon alhazai na tururuwa zuwa Harami, ina kewar ƙanshin kogi da hantsi da hayaƙin bandar kifin Yaya.

Ranar hutu nake shiga motar Jidda. A can na samu Kyaftin Usman, wani dogon Basudane mai furfura a gemu, mai koyar da nutso. Da ɗan Larabcina na tasha da nuni da hannu muka fahimci juna. Kayan haya nake sawa, wata riga mai kumbura wadda in ta cika sai ta matse mini haƙarƙari, in ta sace ta yi mini burum. Da na gama koyo na karɓi katin shaidata, na ba shi labarin irin ruwanmu: ba ka ganin tafin hannunka, ga tsofaffin ragar masunta, ga rassan itatuwan da ambaliya ta jawo. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, da irin kiran da Sudanawa ke yi wa mutum, "Ya zol, rigar nan ba taka ba ce. Aljihu, ƙugiyoyi, igiyoyi, duk raga za ta kama. Faranti da fiffike za ka nema."

Ya ɗauko nasa ya nuna mini. Farantin wani falle ne na ƙarfe da ke kwanciya a gadon baya, maɗauri ɗaya tal ya ratsa shi ya zagayo kafaɗu da ƙugu. A jikinsa ake ɗaure tulun iska. Tsakanin tulun da farantin ake sa fiffiken, wato jakar iska: ka hura mata ka taso, ka sace ta ka nutse. Na uku dalma ce, wadda ake ratayawa a ƙugu ta ja mutum ƙasa. Ya ce abu uku ne kacal, amma sai sun dace da juna, sun dace da jikinka, sun dace da ruwanka. Zai raka wasu baƙi kudu a jirgin ruwa, in ya dawo mu je kanti tare.

Kafin ya dawo na ce bari in zaga in buɗe ido. Mai kanti na farko ya ce farantin baƙin ƙarfe shi ne na maza, nauyinsa zai rage mini ɗaukar dalma. Na biyu ya ce wa ya gaya mini, alminiyom zan saya, in ba haka ba a filin jirgi za a sa ni zubar da rabin kayana. Na uku ko tashi daga kujera bai yi ba, ya dubi silifas ɗina ya ce ba sa ɗaukar ma'aikata. Wani ya tsare ni da tambaya, tulun da zan goya wane iri ne, rigar robata mai kauri ce ko siririya, duk amsar da na ba shi sai ta haifo wata tambayar. Na ce masa kogi zan shiga. Ya ce, "Kogi? Me ake kallo a kogi?" Na dawo Makka kaina kamar ya rabe biyu.

A teburin shayin Kawu na haɗu da Mansur. Jikan Kanawa ne, a Makka aka haife shi, farar jallabiyarsa kullum a goge, maganarsa rabi Hausa rabi Larabci. Dillancin komai yake yi, waya, firji, ɗakin haya. Ya saurari kukana yana kaɗa kai.

"Ya Haruna, baƙo suka gani. Kyaftin ɗin naka ma yana da kasonsa a wajensu, wallahi. Yalla, in kai ka haraji. Ɗan'uwa ba zai cuce ka ba."

Kawu ya ci gaba da zuba shayinsa. Sai da Mansur ya tafi ya ce, "Ban taɓa jin yaron nan ya shiga ruwan da ya wuce idon sawunsa ba." Na ji shi sarai. Amma a ranar saƙon muryar Yaya ya shigo, tana cewa an fara ruwa, kogi ya soma ɗagowa, ko na samu abin?

Haraji kasuwar tsofaffin kaya ce a Jidda, daga kan kujera har injin mota. Mansur ya ratsa da ni ta tsakanin matattun firji da darduma har gaban wani mutum, wanda ya zaro fiffike daga buhu, faffaɗa kamar buzun salla.

"Dubi girmansa," in ji Mansur. "Mutane fa za ka ɗebo daga ƙasan ruwa. Ƙaramin fiffike me zai ɗaga? Wannan ko saniya ce zai taso da ita."

Maganar ta shige ni, don Bashir ne ya faɗo mini a rai. Mansur ya haɗa mini da farantin alminiyom da ɗamara cike da dalma, wadda da ƙyar nake ɗagawa, ya ce da yawan dalma ake gane gwani. Na zube abin da na daɗe ina tarawa, na saɓo buhun, na hau benen Kawu ina haki ina murna.

Da Kyaftin ya dawo muka haɗu a Shu'aiba, bakin tekun da mutanen Makka ke zuwa. Na zazzage buhun a kan yashi. Ya ɗaga fiffiken, ya juya shi, ya dube ni.

"Tulu nawa za ka goya?"

"Ɗaya."

"Wannan na masu goyon biyu ne. Wa ya sayar maka?"

Na ce wani ɗan'uwa ne, na kuma maimaita masa zancen ɗago mutane. Ya dafe kai.

"Ba da fiffike ake ɗauko mutum ba, ya zol. In ka cika shi don nauyin wani, mutumin ya suɓuce maka, sama za ka harba kamar gora, huhunka ya fashe. Igiya ake ɗaurawa, na sama su ja."

Na ce duk da haka a gwada, don zuciyata ta ƙi yarda. Ya zare rabin dalmar ya watsar a yashi, ya ce inda ba zurfi za mu shiga, kuma ba zai yi nisa da maɗaurina ba.

Ina sace iska na tafi ƙasa kamar an jefa turmi. Gwiwoyina suka daki yashi, ruwa ya gurɓace. Na hura iska, sai fiffiken ya naɗo tulun ta gefe da gefe, iskar ta taru a ɓari ɗaya ta kifar da ni. Na yunƙura in daidaita, ta gudu ɗaya ɓarin. Na ja igiyar sacewa, ba abin da ya fita, iskar ta maƙale a inda fiffiken ya lanƙwashe. Sai na ji ina tasowa, ƙafa a sama kai a ƙasa. Kyaftin ya fizgo ni, ya juya ni kamar buhun gero, ya matse iskar da hannunsa. Da muka taso ya nuna mini wani siririn layin kumfa da ke fita ta gefe. Ashe an taɓa yi masa faci an shafe da baƙin gam. A bakin ruwa wasu samari sun ɗaga wayoyi suna ɗaukata suna ƙyalƙyala dariya. Ni da na iya ninkaya tun ƙafata ba ta yi ƙwari ba, ga ni ana tsamo ni kamar akuyar da ta faɗa rijiya. Na zauna a yashi na kasa ko cire takalman ninkaya don baƙin ciki.

Na samu Mansur a wani kantin waya a Rusaifa, yana shan lemo.

"Habibi, kayan haraji ba ya komawa, kowa ya sani. Ni raka ka kawai na yi."

"Kai ka ce ɗan'uwa ba zai cuce ni ba."

"To na cuce ka ne? Babba ka ce kana so."

"Kai ka ce babba."

Ya ɗaga kafaɗa. "Halas, shi ke nan, ka kai ƙara in ka ga dama. Amma in 'yan sanda suka tambaya inda muka haɗu, teburin shayin wa zan nuna musu?"

Ya san Kawu ba shi da takarda. Na juya na fita. Ban gaya wa Kawu yadda muka yi ba, amma ya ga buhun a yashe a kusurwa ya gane. Daga ranar duk sanda Mansur ya zo, sai Kawu ya ce shayi ya ƙare, alhali buta na tafasa a gabansa.

Damina ta wuce a gida ban koma ba. Shekarar da na ɗibar wa kaina ta cika ina cikin tankuna. Da azumi ya kama, masaukai suka cika maƙil, aiki ya ninka, na karɓi duk ƙarin da aka miƙo, da ƙishirwa da komai. Bayan salla na koma wajen Kyaftin, na ce masa wannan karon ko allura ba zan saya ba sai yana tsaye.

Ya zaunar da ni a inuwar motarsa ya bi abin daki-daki. Ruwanmu ba sanyi sosai, saboda haka riga siririya. Tulu ɗaya, kuma irin wanda aka fi samu, mai ƙoƙarin tasowa da mutum in ya kusa ƙarewa. To farantin baƙin ƙarfe ya fi, nauyinsa ya bazu a gadon baya ya kwantar da ni sambal, maimakon dalma ta ja ƙuguna ƙasa ina tafe ina tayar da laka. Fiffike ƙarami, zagayayye kamar ƙuli-ƙuli, yadda iska za ta kewaya ba ta samu inda za ta ɓuya ba. Dalma kuwa kaɗan, a inda hannu ɗaya zai iya zare ta ya yar in abu ya ɓaci. Na tuna masa maganar filin jirgi. Ya ce, "Ka bar dabino da turare, ka ɗauki farantinka."

Farantin muka saya sabo. Fiffiken kuwa nasa ya ba ni, wani tsohon ja da rana ta koɗar, ya ce wai ɗalibansa ba sa son launin. Na san ba haka ba ne, shi ma ya san na sani. Ya karɓi farantin alminiyom ɗin don kada in ji nauyi. Muka shiga Shu'aiba, ban kife ba, ban harba sama ba. Ina fitowa ina washe baki ya tare ni.

"Kada ka yi murna tukuna. Wannan awon na ruwan gishiri ne, gishiri kuwa ɗaga mutum yake. In ka shiga kogi da dalmar nan za ta yi maka yawa. Sai mun auna ka a ruwan daɗi."

Ruwan daɗi mai zurfi, a ƙasar da ba ta da kogi ko ɗaya. Na zaga wuraren wanka na manyan otal a Jidda, masu gadi suna tsayar da ni tun daga bakin ƙofa. Wani ya ce sai mai ɗaki, wani ya ce ba a shiga da tulu, wani bai ma bari na rufe baki ba. Ina tsaye a gindin wani tanki a Jarwal ina gurza, cikin ƙunci, sai na ɗaga kai na ga layin da ruwa ya bari a bango, can sama da kaina nesa.

Shugaban aikinmu wani Bayamale ne mai yawan faɗa. Na ce masa tankin da za mu wanke mako mai zuwa, ai an riga an rufe bututunsa, ruwan ciki zubarwa za a yi. Na roƙe shi ya bar ni in shiga kafin a tsiyaye. Ya zage ni tas, ya ce in na mutu a ciki bai san ni ba. Washegari ya jefo mini makulli ba tare da ya dube ni ba.

Ranar Juma'a Kyaftin ya tuƙo motarsa tun daga Jidda, ya yi salla a Harami, ya same mu a Jarwal da tuluna. Kawu ma ya zo da butar shayinsa, ya ce shi zai riƙe igiya. Muka sauka ni da Kyaftin. Ruwan sanyi ƙalau, duhu ko'ina sai hasken fitilarmu. Ya goya mini tulun da ya kusa ƙarewa, ya sa na sace fiffiken gaba ɗaya, ya ce in ja numfashi kamar na kullum in tsaya cak. In awo ya yi, ruwa zai tsaya mini daidai ido, in na saki numfashin in nutse a hankali. Na farko na shige gaba ɗaya. Ya zare dalma guda ya miƙa wa Kawu. Na sake shigewa. Ya sake zarewa. Haka muka yi ta yi har ya rage 'yar ƙarama guda, ruwa ya tsaya mini a ido bai motsa ba.

Ya sauya mini cikakken tulu, muka nutsa tsakiyar tankin, sai ya kashe fitila. Duhun nan irin na gida ne sak. Ban taɓa ƙasa ba, ban taɓa sama ba. In na ja numfashi in ɗan ɗago, in na saki in ɗan sauka, ba abin da ke lilo a jikina, ba abin da ke matse ni. Kuma numfashin bai ƙare ba. Na miƙa hannu ina lalube yadda na saba, na ja wani numfashin, na sake jan wani. Ban san ina kuka ba sai da tabarau ya jiƙe ta ciki.

Muka fito muka zauna a bakin tankin, Kawu ya zuba mana shayi. Ina cewa ba abin da ya rage sai tikiti, Kyaftin ya tambaya, kamar mai hira, "A garinku wa ke cika tulu?"

Na ce, "Akwai mai faci a bakin tasha, yana da inji."

Ya ajiye kofi. "Injin taya?"

"Babba ne. Har tayar tirela yana cikawa."

"Ya zol." Ya girgiza kai. "Ba zai cika ko gindin tulun nan ba. Ɗan abin da zai shiga kuma hayaƙi ne da baƙin mai. Ka shaƙe shi a ƙasan ruwa, kai ma sai an nemo ka. Ina ne mafi kusa da ake cika na nutso?"

Na yi tunani, na ce wataƙila Legas. Ya tambayi nisa, na gaya masa. Tulu ɗaya kuwa shiga ɗaya ce, in ta yi tsawo. Ya ce dole sai na samu injin kaina, mai matatar iska, kuma shi kaɗai ya fi duk abin da na saya tsada, nesa ba kusa ba. Ya ce, "Laifina ne. Tun ranar farko ya kamata in tambaye ka." Na juya wajen tankin. Ina kallon ruwan, aka kunna famfon tsiyaya, yana ja da baya a hankali.

A hanya na kira Yaya na gaya mata bana ma ba zan zo ba. Ta ce, "To. Kana dai cin abinci?" Na ce ina ci.

A ɗaki na rataye farantin da fiffiken a ƙusa. Kawu ya tsuguna yana wanke kofuna a roba. Na ce, "Kawu, zan sabunta igama. In yi aikin Arfa na bana, in ƙara shekara guda, in sayi injin, shi ke nan."

Bai ɗago ba. Ya ɗauraye kofi, ya kife, ya ɗauki wani.

"Ni keken ɗinki na tsaya saye," in ji shi.

Ban taɓa sanin ya iya ɗinki ba.

"Tela ne ni a Yawuri, har da almajiran aiki. Da na sauke farali na ce in yi 'yan watanni in sayi keke mai lantarki in koma. Na saya kuwa. Sai na ce saura kuɗin jirgi. Da na samu, na ce ai ba a komawa hannu rabbana, saura tsaraba. Ina kan tsarabar aka aiko mini uwarka ta yi aure. Ina kanta aka aiko mini ta rasu."

"Ina keken yanzu?"

"Ya daɗe a haraji." Ya share hannu a jikin zanensa, ya juyo ya dube ni. "Shekara ɗaya na ba ka a ɗakin nan, ɗan nan. Ranar da ta cika, da inji ko ba inji, zan fitar maka da kayanka bakin bene in sa kwaɗo."

Na dubi fuskarsa ina neman alamar wasa, ban gani ba. Na ce, "To, Kawu." Ya miƙo mini kofunan in goge.